Ba lallai idonka ba ne, ka duba ginshiƙin gilashin gaba

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce tun da ka sauya mota kake ganin kamar daga sama babura da masu tafiya a ƙasa suke faɗo maka, har ranar Talata saura ƙiris ka kaɗe wani mai babur a shataletale, alhali ka duba ba ka ga kowa ba. Kana tambaya ko idonka ne ya fara rauni, ko motar ce. Alhamdu lillahi da Allah Ya tsare. Ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don abin nan ya taɓa cin mini tuwo a ƙwarya.

Ni da Fijo 504 ta mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, na koyi tuƙi, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna. In ka zauna a cikinta kamar kana ƙarƙashin rumfa, ko'ina kana gani. Ƙarfen nan da ke tsakanin gilashin gaba da ƙofa, mai riƙe da rufin mota, siriri ne har mantawa kake yana wurin. Masu ƙera motoci da haruffa suke kiran waɗannan ginshiƙan: na gaba A, na tsakiya B, na baya C. Na gaban shi ne mai ba ka wahala.

Shekara shida ke nan, wata ranar da la'asar sakaliya, na fito daga layinmu a motata ta zamani zan yi kwanar hagu in hau titi, daidai lokacin da aka tashi yaran Islamiyya. Ba gudu nake ba, wallahi ko giya ta biyu ban gama shiga ba. Na duba hagu, na duba dama, na sake duba hagu, wayam. Ina cikin karya sitiyari sai uwargida da ke gefena ta ƙwalla ihu, "Yarinya!" Na take birki. Wata 'yar yarinya ce da ba ta wuce shekara takwas ba, da farin hijabi da jakar littattafai a rataye, ta dafa bonet da tafin hannunta tana kallona. Har yau ina tuna shatin yatsunta a kan ƙurar bonet ɗin. Sai da na yi fakin na zauna, don ƙafata rawa take. Uwargida ta ce tun daga bakin kwata take kallon yarinyar, ta ɗauka ni ma na gan ta. Mota ɗaya muke ciki, amma ginshiƙin da ya tare mini bai tare mata ba.

Washegari na karɓi tef ɗin awo na tela na auna. Ginshiƙin, haɗe da robarsa da baƙin zanen da ke bakin gilashi, ya kai santimita 12, tsakaninsa da idona kuma wajen santimita 60. To tsakanin idanun mutum biyu akwai kamar santimita 6. Duk abin da bai kai wannan faɗin ba, abin da ya ɓoye wa ido ɗaya, ɗayan zai hango shi, shi ya sa siririn ƙarfen tsofaffin motoci bai dame mu ba. Abin da ya haura shi ne makantar. A motata ragowar santimita 6 ke nan a nisan 60, wato kashi ɗaya cikin goma na nisan abin da kake kallo. A mita 10, faɗin mita guda ya ɓace maka. A mita 20, babur da mai shi. A mita 30, adaidaita sahu sukutum.

Kuma na hagu ya fi cuta, domin shi ne a kusa da fuskarka. Tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zama, haka ma a Nijar. In za ka shiga shataletale, masu zagayawa ta hagunka suke zuwa, ta inda ginshiƙin ya tsaya. Ka ga mai babur ɗinka ta nan ya fito.

Amma ga inda na fi so ka riƙe, don shi ne ya amsa maganarka ta "ai na duba". Da a ce abin da ke bayan ginshiƙin a tsaye yake, da ka ɗan matsa gaba zai bayyana. Matsalar ita ce shi ma tafiya yake. Kana nufar mahaɗa, shi ma yana nufarta, in saurinku ya yi daidai da juna ta wani lissafi, to yadda ya shiga bayan ginshiƙin haka zai yi ta zama a bayansa, kana matsowa yana matsowa, ba zai fito ba sai kun zo gab da juna. Matuƙan jiragen ruwa sun daɗe da sanin wannan: in wani jirgi ya tsaya a kusurwa ɗaya a idonka, bai yi gaba ba bai yi baya ba, sai girma yake ƙarawa, to karo za ku yi. Wato wanda ginshiƙi ya fi daɗewa yana ɓoye maka, shi ne daidai wanda za ka buge. Saboda haka ko sau goma ka duba, matuƙar ido kawai kake juyawa kanka yana wuri ɗaya, ba ka duba ba. Abin da ya faru tsakanina da yarinyar nan ke nan: ina karya kwana tana taku, ginshiƙin yana bin ta kamar inuwa.

Kada kuma ka ga laifin masu ƙera motar gaba ɗaya. Ba don ado suka ƙara masa kauri ba. A Amurka, inda da yawa daga cikin motocinmu na hannu suke fitowa, a da doka ta ce rufin ƙaramar mota ya iya ɗaukar nauyinta sau ɗaya da rabi. A 2009 aka ɗaga shi zuwa sau uku. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a can kuwa, a gwajin da take yi a da, sai rufi ya ɗauki ninki huɗu take ba shi maki mai kyau. Ga balan-balan ɗin kariya na gefe da ke saukowa kamar labule, wanda bakinsa ke bi ta cikin murfin ginshiƙin, ga wayoyi. Sannan an kwantar da gilashin gaba don mota ta tsaga iska ta rage shan mai, sai ginshiƙin ya ƙara tsawo ya gitta a gaban ido, ga ƙaton madubi a gindinsa. Duk wanda ya daɗe yana bin hanyar Kano zuwa Zariya ya ga tsohuwar mota da ta yi adungure rufinta ya haɗe da kujeru, ya kuma ga ta zamani da ta wuntsila mutane suka fito da ƙafafunsu. Ni dai ba zan koma wa siririn ƙarfe ba, ko da an ba ni zaɓi.

A nan ma sai a yi hattara da motocin da suka yi haɗari a can aka kawo aka gyara. In an yanke ginshiƙi an yi masa walda an shafe da fila, kaurin yana nan, ƙarfin ya tafi. An yi ba a yi ba ke nan.

An gwada neman mafita. A 2001 Volvo ta nuna wata motar gwaji mai suna SCC da ginshiƙi mai raga-raga da ake gani ta cikinsa, amma ba a kai ga sayar da ita haka ba. A 2019 wata yarinya 'yar shekara 14 a Amurka, Alaina Gassler, ta ci kyautar dala 25,000 saboda ta haɗa kyamara a waje da na'urar da ke haska hoton a jikin ginshiƙin daga ciki. Abin da ya iso hannunmu dai shi ne motocin da aka mayar da madubinsu jikin ƙofa aka bar 'yar taga mai kusurwa uku a gindin ginshiƙi. In za ka sake sayen mota, zauna a ciki ka duba wannan kafin ka duba rediyo.

Abin da nake yi tun daga ranar, kuma na koya wa yarana: duk mahaɗa, duk shataletale, duk wurin juyawa, sai na ɗaga bayana daga kujera na leƙa ta gaban ginshiƙin, na koma na leƙa ta bayansa. Kamar mai leƙen katanga. Da farko za ka ji abin banbaraƙwai, bayan mako biyu jiki zai saba. Na biyu, rage gudu sosai kafin ka shiga, in ta kama ka tsaya cak. Da zarar saurinka ya sauya, lissafin nan ya rushe, wanda ke ɓoye zai fito fili. Bari na baya ya yi ta hon.

Sai kuma abubuwan da mu da kanmu muke ƙara wa ginshiƙin kauri. Mariƙin waya da ake mannawa a kusurwar hagu ta gilashi, sitika, baƙar robar nan ta kare ruwa da ake sa wa saman tagogi, da baƙin gilashi a ƙofofin gaba. Na cire nawa duka. Lokacin hunturu kuma ka lura da gefen gilashin da waifa ba ta kaiwa, ƙura na taruwa daidai jikin ginshiƙin, in rana ta doke ta da safe ko da yamma kamar an ƙara masa faɗin yatsa uku ne. Tsumma nake ajiyewa a aljihun ƙofa saboda shi. Ka ɗaga kujerarka kuma, ka daina kwantar da ita kamar gado.

Duk da haka ka je a duba idon, kada ka ce na ce lafiyarsa lau. Hawan jinin ido ta gefe yake fara cin gani, ba ciwo ba alama, kuma awonsa ba ya ɗaukar lokaci. In kana kusa da Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, a Kano ma akwai asibitocin ido.

Kafin nan, yau da yamma ka yi fakin a fili, ka zauna yadda ka saba, ka sa ƙaninka ya tsaya kamar taku goma sha biyar ta gaban hagu, ya riƙa matsawa a hankali har ya ɓace maka. In ya ɓace ka ce ya tsaya, ya buɗe hannuwansa. Sai ka fito ka ga inda yake tsaye.