Kafin ka sayi sabuwar laftof saboda fayil ya ƙi ajiyuwa

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Tudun Wada, ina kula da shafin intanet na wani shago. Fayilolin suna kan sabar haya (kwamfutar nesa da ke riƙe da shafin), ina gyara su da editan VS Code ta hanyar Remote-SSH. Ina cikin rubutu sai ya tsaya cak, ya ce yana ƙoƙarin sake haɗawa. Wani mai sayar da kwamfuta a titin Ahmadu Bello ya ce laftof ɗina ce ta tsufa. In sayi sabuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Ai mai shago ba zai taɓa ce maka kada ka saya ba.

Idan VS Code ya shiga saba ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yakan girka wani ɗan shirinsa a can, cikin foldar .vscode-server, kuma a can ake yin aiki mai nauyin. Laftof ɗinka taga ce kawai da kake leƙawa. Microsoft da kansu sun ce sabar tana buƙatar aƙalla 1GB na RAM (wurin da shirye-shirye ke zama yayin aiki), sun kuma fi son 2GB. To idan mafi arha ka kama, ga shafin, ga rumbun bayanai, ga wannan baƙo, duk a ɗaki ɗaya, da zarar wuri ya cika Linux zai kori ɗaya daga ciki, sau da yawa kuma baƙon ne.

Ga gwajin da nake yi. Buɗe taga ta biyu, ka shiga sabar da ssh zalla, ka bar ta kusa da editan. In VS Code ya daskare amma tagar tana amsawa, rubuta free -m ka ga RAM ɗin da ya rage. In ya kusa ƙarewa, matsalar saba ce, kuɗinka can ya kamata ya tafi. In kuwa su biyun suka daskare tare, galibi layinka ne. Sai ka buɗe fayil ɗin config da ke cikin foldar .ssh ta laftof ɗinka, ka ƙara layin ServerAliveInterval 30. Duk bayan daƙiƙa 30 kwamfutarka za ta ɗan yi wa sabar sallama, don kada na'urorin da ke tsakani su ɗauka ka tashi su yanke.

Wannan dai ba ya maganin ɗauke wuta. Ka samo wa MiFi ɗinka fawa banki, ka kuma koyi tmux, shirin da ke riƙe aikinka a buɗe: ka buɗe shi a sabar, ka yi gyaranka da editan nano ko vim a cikinsa. Ko layi ya yanke, ka dawo ka rubuta tmux attach, ka tarar da aikinka inda ka bar shi.

Tambaya: Malam, daga Barnawa nake. Ina gyara fayil ɗin da ke kan saba da editan Notepad++ ta WinSCP (shirin tura fayil zuwa saba), in na zo ajiyewa sai ya ce Permission denied. Wata ƙawata ta ce in yi chmod 777, wani ya ce in sayi Sublime Text.

Amsa: 'Yar'uwa, Sublime Text edita ne mai kyau, amma ko kin biya lasisinsa amsa ɗaya sabar za ta ba shi, domin fayil ɗin ba na asusunki ba ne. Rubuta ls -l a sabar, za ki ga sunan mai shi, galibi root (babban asusun sabar) ko www-data (asusun shirin da ke gudanar da shafin). Ki sa mai kula da sabar ya saka asusunki cikin rukunin da ke da ikon rubutu, ko ki yi amfani da sudoedit, umarnin gyara fayil da ikon root, in kina da izini. Shi kuwa 777, kamar ki bar shagonki na Kasuwar Barci a buɗe ne ki tafi gida ki kwana: kowane asusu a sabar zai iya canza fayil ɗin.

Tunda daga Windows kike aiki, ki kula da ƙarshen layi. Windows na rufe layi da alama biyu, Linux da ɗaya. In kika ga ^M a fayil, ko shirin da kika gyara ya ƙi tashi, shiga Edit a Notepad++, sai EOL Conversion, ki zaɓi Unix kafin ki ajiye.