Tambaya da Amsa: Shin Ɗan Koyo Zai Sa a Ƙera Masa Jita Mai Feda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni makaɗi ne a wata ƙungiyar kiɗa, kuma na kai shekara shida ina kaɗa jitar lantarki irin wadda kowa ya sani. Kwanan baya na saurari wani tsohon faifan King Sunny Ade, sai na ji wani sauti mai kama da kuka yana zamewa daga wannan murya zuwa waccan ba tare da ya yanke ba. An ce mini jita ce da ake girkewa kamar tebur, ana taka mata feda. Da na bincika, sai na ga yawancinsu sai an aika wa maƙeri a Amurka sannan ya ƙera. Shin ɗan koyo irina ya sa a yi masa ta musamman, ko ya nemi ta ɗalibai mai sauƙin kuɗi? Idan zan aika, me zan ce wa maƙerin? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Sautin da ka ji na jitar da Turawa ke kira fedal sitil ne, kuma mai yiwuwa hannun Demola Adepoju ne, wanda ya kaɗa ta a ƙungiyar African Beats ta Sunny Ade har duniya ta san shi bayan fitowar faifan Juju Music a 1982. Shi ne kuma Paul Simon ya gayyata ya kaɗa ta a faifan Graceland na 1986. Ke nan jitar ba baƙuwa ba ce a Najeriya, sai dai ba ta yaɗu ba, kuma rashin yaɗuwar nan shi ne abu na farko da za ka riƙe a zuciya, domin da wuya ka sami mai gyaranta ko mai sayar da kayanta a kusa da kai.

Game da batun ƙira ta musamman, ya kamata ka san cewa wannan jita tun asali a hannun ƙananan maƙera ta girma. Salon kwantar da jita a goga mata ƙarfe daga Hawai ya fito, inda ake danganta shi da Joseph Kekuku a ƙarshen ƙarni na 19. Feda ta zo daga baya, amma ba ta ja hankalin jama'a sosai ba sai da Bud Isaacs ya taka ta tsirkiya tana cikin amo a waƙar Slowly ta Webb Pierce, wadda aka ɗauka a 1953, da wata jita da Paul Bigsby ya ƙera masa a Kalifoniya. Daga nan makaɗan birnin Nashbil na Amurka suka dinga kai jitocinsu ana ƙara musu feda, har Shot Jackson da Buddy Emmons suka kafa kamfanin ƙera ta mai suna Sho-Bud, sannan Emmons ya kafa nasa kamfanin da Ron Lashley a 1963. Babban kamfani irin Fender ya taɓa yin ta ya daina. Har yau masu yin ta 'yan tsiraru ne, irin su Mullen a Kolorado, GFI a Mizuri, Williams a Minesota da MSA a Teksas, ga wasu ƙalilan a Jamus da Jafan. Saboda haka kusan kowace sabuwa da za ka saya ta oda ce, har da ta ɗalibai. Abin da ya rage maka shi ne sanin abin da za ka roƙa da abin da za ka bar wa maƙeri.

Kafin ka roƙi komai, ka fahimci abin da kuɗinka ke saya. Idan aka kifar da jitar a cikin akwatinta, za ka ga cikinta cike da siraran sandunan ƙarfe da ƙananan hannuwa, abin ya fi kama da cikin keken ɗinki fiye da kayan kiɗa. Kowace feda tana jan sanda, sandar ta juya wani ƙarfe da ke gicciye, shi kuma ya ja wani ɗan yatsan ƙarfe a ƙarshen dama inda tsirkiya take ɗaure, sai tsirkiyar ta ƙara tauri muryarta ta hau, ko ta saki muryarta ta sauka. Dole ne ta tsaya daidai a muryar da ake so, kuma da ka ɗaga ƙafa dole ne ta koma daidai inda ta taso, sau dubu a dare ɗaya. Jitar da ba ta komawa daidai tana cutar da ɗan koyo fiye da gwani, domin gwani zai gane laifin na'ura ne ya gyara da hannu, shi kuwa ɗan koyo zai ɗauka kunnensa ne ya lalace.

Shawarata ita ce ka ce a yi maka mai wuya ɗaya, wato mai jerin tsirkiyoyi ɗaya, tsirkiya 10, a kan saitin da ake kira E9, da feda 3 da matokaran gwiwa 4. Matokaran gwiwa wasu 'yan sanduna ne da ke rataye a ƙarƙashin jitar, biyu a kowace gwiwa, ana tura su hagu ko dama. Feda ta farko tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#, ta biyu tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A, kuma idan ka danne su tare, haɗin muryoyin E ya rikiɗe ya koma na A alhali ƙarfen da ke hannunka na hagu bai motsa ba. Wannan rikiɗar ita ce kukan da ka ji a faifan. Biyu daga matokaran kuma aikinsu ɗaga tsirkiyoyin E zuwa F da sauke su zuwa D#, kuma ba za ka yi nisa a karatu ba tare da su ba. Shi ya sa nake gargaɗinka game da tsofaffin jitocin ɗalibai irin Maverick ta Sho-Bud, mai feda uku da matokari ɗaya tal: arha ce da za ka ƙosa da ita kafin shekara ta zagayo.

Kada ka ƙirƙiro tsarin feda naka na kanka. Maƙeri zai yi maka duk abin da ka zana, domin aikinsa ke nan, amma kusan duk littattafai da darussan bidiyo an gina su ne a kan tsarin da aka saba, wanda ake kira tsarin Emmons. Akwai kuma na Jimmy Day, wanda ya juya jerin fedojin uku, kuma bambancin ya danganta ne da ɓangaren da idon sawun mutum ya fi sauƙin karkata. Tunda ba ka taɓa zama a bayan ko ɗaya ba, bi na Emmons. A nan ne jitocin ɗalibai na zamani suke da amfani. Stage One, alal misali, tana zuwa da feda 3 da matokarai 4 a tsarin da ba a iya sauyawa, kuma wannan ba aibi ba ne ga wanda bai san abin da zai sauya ba tukuna. Discovery ta Mullen ta fi ta tsada, amma ana iya sake mata tsari daga baya. Idan aljihu ya yarda, na fi karkata ga irin ta biyun saboda nisanka da kasuwar da za ka sayar da ta farko ka sayi wata.

Inda ya dace ka dage a yi maka na musamman shi ne awon jikinka. Ka zauna a kan kujerar da za ka riƙa kiɗa, sanye da takalmin da za ka riƙa taka feda da shi, ka sa a auna daga ƙasa zuwa saman gwiwarka, ka aika wa maƙeri adadin tare da tsayinka. Dogon mutum yana buƙatar a ƙara tsawon ƙafafun jitar da sandunan feda da inci ɗaya ko biyu, in ba haka ba cinyarsa za ta riƙa dukan ƙarafan ciki. Gajere kuma gwiwarsa ba za ta kai ga matokari ba sai ya ɗaga diddige. Ka kuma zaɓi jiki mai rufin fomaika maimakon fentin katako mai sheƙi, domin ya fi jure ƙwarzane da bushewar hunturu, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Kwalliyar da ake shigarwa cikin katako ba ta ƙara wa sauti komai.

Sabuwar ta ɗalibai mai kyau takan haura dala dubu ɗaya, ta ƙwararru kuwa ninki biyu ne ko uku, kuma jiran layi kan ɗauki watanni, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Ka ware kuɗin ƙarfen gogawa, da faratan kiɗa uku, ɗaya na babban yatsa biyu na sauran, da fedar ƙara da rage sauti wadda ƙafar dama ke takawa, da amfilifaya mai fitar da sauti garau. Jitar kanta ba ta shan wuta, amma amfilifayar da aka yi wa Amurka ta bolt 120 ce, tamu kuwa 230, don haka ka tabbatar kafin ka jona. Ka roƙi maƙeri ya sako maka tsirkiyoyi masu yawa, musamman ta 3, siririyar nan da feda ke ja kullum, domin ita ce ke yawan tsinkewa, tare da ɗan makullin saitin feda guda biyu, don ɗaya zai ɓace.

TAMBAYA: Na shekara uku ina koyo da jitar ɗalibai mai wuya ɗaya. Abokan kiɗa suna ta ce mini lokaci ya yi da zan sa a yi mini mai wuya biyu. Shin haka ne? Daga wata mai karatu mazauniyar Amurka.

AMSA: Malama, wuya na biyun ana saita shi ne a kan C6, wanda ya fi dacewa da kiɗan jaz da salon suwin na yammacin Amurka, kuma jitar takan zo da feda 8. Idan irin wannan kiɗan ne ke kiranki, to ki yi. Idan kuwa ba shi ba ne, za ki riƙa ɗaukar nauyin da ya kusa buhun siminti rabi ko fiye, alhali wuyan na biyu matashin hannu kawai zai zame miki. Lloyd Green, ɗaya daga cikin manyan makaɗan Nashbil, cire wuyan C6 ɗinsa ya yi ya sa matashi a gurbinsa, kuma daga nan Sho-Bud ta fito da samfurin LDG a 1973. Ga mai matsayinki, ƙira ta musamman ta fara yin ma'ana, amma ki gina ta a kan buƙatar da kika gani da idonki. Ki ɗauki wata guda kina rubuta duk wani haɗin muryoyi da kika nema jitarki ta kasa ba ki. Idan takardar ta nuna matokari na biyar ko feda ta huɗu, wannan za ki kai wa maƙeri.

TAMBAYA: Kafinta da mai walda na gida ba za su iya haɗa ta ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Jikin katako da ƙafafu ba za su gagare su ba, amma yatsun da ke jan tsirkiya suna buƙatar injin yankan ƙarfe mai awo na ƙasa da milimita, kuma kuskure kaɗan zai hana saiti zama. Abin da za a iya yi a gida cikin sauƙi shi ne ta cinya, marar feda. Ko tsohuwar jitarka ma ta isa: a ɗaga tsirkiyoyin daga wuya da ɗan ƙarfen da ake ɗorawa a kan magaryar sama, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a ƙarshen wuya, ka kwantar da ita a cinya, ka saita ta a kan haɗin E, ka fara koyon riƙe ƙarfe a miƙe da kashe amon tsirkiyar da ba ka so da gefen tafin hannun dama. Waɗannan biyun su ne suka fi cin lokacin kowane ɗan koyo, kuma duk za ka tafi da su kan mai feda ranar da ta iso.