Tambaya da Amsa: Na Ɗauko Dokin da Yunwa Ta Kassara, Me Zan Fara Ba Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kawuna ya rasu bara, ya bar ingarman da yake hawan sallah da shi, kuma tun daga lokacin babu wanda ya tsaya a kansa, domin 'ya'yan marigayin duk suna aiki a wasu garuruwa. Da na je gidan kwanan baya, sai na tarar da dokin ɗaure a turke, haƙarƙarinsa duk a waje, ga miki a gadon baya, kofatansa kuma sun yi tsawo har sun fara lanƙwashewa. Magada sun yarda na ɗauko shi. Abokaina suna cewa in ba shi dawa da dusa da kanwa ya ci ya ƙoshi, domin ya murmure kafin babbar sallah. Shin haka ya dace? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawunka, kai kuma ya saka maka da alheri. Sai dai ina roƙonka, Malam, kada ka bi shawarar abokanka duk da kyakkyawar niyyarsu, domin dokin da yunwa ta yi watanni ba ta kashe shi ba, hatsi mai yawa na iya kashe shi cikin mako guda.

Idan dabba ta daɗe ba ta samun abinci, jikinta yakan cinye kitsenta, sannan ya koma cin tsokarta, kuma sinadaran da zuciya da huhu ke dogara da su, irin su fosfaras da fotasiyam da maganiziyam, sukan ragu ƙwarai. Ranar da aka cika mata ciki da dawa ko gero, sai sukari ya hau a jininta, jiki ya saki insulin, wato sinadarin da ke rage sukari a jini, da yawa, shi kuma insulin ya kwashe ɗan abin da ya rage na waɗannan sinadarai daga jini ya tura su cikin ƙwayoyin jiki. Daga nan zuciya ko numfashi ko ƙoda kan gaza. Abin yakan bayyana ne tsakanin kwana 3 zuwa 5 da fara ciyarwa, daidai lokacin da mai doki ya fara murna cewa dabbarsa tana cin abinci, shi ya sa mutane da yawa kan ɗora laifin mutuwar a kan tsohuwar yunwa ko sammu.

Masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis a Amurka sun gwada abinci iri-iri a kan dawakan da suka rame, suka kuma gano cewa busasshiyar ciyawar alfalfa ta fi aminci, saboda tana da furotin da sinadarai amma ba ta da sitaci da yawa. Tsarinsu shi ne a ba doki kimanin rabin kilo duk bayan awa 4 a kwana 3 na farko, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana rage yawan lokutan, ta yadda a wajen kwana na 6 zai riƙa cin kusan kilo 2 duk bayan awa 8. Sai bayan kwana 10 ake barinsa ya ci ciyawa iya son ransa. A wurinmu abin da ya fi kusa da alfalfa shi ne harawar wake ko ta gyaɗa, domin danginsu ɗaya, amma ka zaɓi mai ganye wadda ba ta yi fumfuna ba, ka kuma kakkaɓe ƙasar da ke jikinta. Tun da dawakanmu ba su kai na can girma ba, gara ka fara da ƙasa da wannan awo. Hatsi da dusa su jira makonni, har sai likitan dabbobi ya ga dokin ya yi ƙwari. Kanwa ma a ajiye ta tukuna, gishiri kaɗan bayan kwana 10 ya wadatar. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke a gabansa, domin ko lafiyayyen doki yakan sha lita 20 zuwa 40 a yini, a bazara ma ya wuce haka.

Ka kira likitan dabbobi tun yanzu, kafin wata matsala ta taso. Akwai ma'aunin ƙibar doki da wani masanin dawaki ɗan Amurka, Don Henneke, ya fitar a 1983, daga 1 zuwa 9, inda 5 ke nufin jiki daidai. Yadda ka kwatanta dokinka, yana wajen 1 ko 2. Likitan zai duba haƙoransa, domin tsohon doki da turamen haƙoransa suka yi kaifi yakan tauna ciyawa ya zubar da ita dunƙule-dunƙule, ya ci gaba da ramewa komai yawan abincin. Shi ne kuma zai tsayar da ranar ba da maganin tsutsar ciki, wanda bai kamata a ɗura wa dabba mai rauni haka a ranar farko ba, ya kuma yi masa allurar rigakafin tetanus saboda mikin.

Mikin a wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, a kare shi daga ƙuda. Baƙin mai da toka da wasu ke shafawa ɓata nama suke yi. Idan ka ga ƙuraje suna fitowa a jere a ƙafa ko wuya suna fashewa da mugunya, ka ware shi daga sauran dabbobi, kada a yi tarayyar sirdi ko ragama, domin akwai cuta mai yaɗuwa da ke zuwa da wannan kama. Kofato kuma a riƙa rage shi sannu a hankali, duk bayan mako 6 zuwa 8.

Batun hawan babbar sallah, ka cire shi daga ranka. Dokin da ya rame haka yakan ɗauki wata 3 zuwa 5 kafin ya mayar da jikinsa, kuma sirdi ba zai hau bayansa ba sai mikin ya warke sarai.

Tambaya: Maƙwabcinmu yana da wani ɗan kurun doki da yake ɗora yara a kai yana karɓar kuɗi, amma yakan bar shi cikin rana da dabaibayi, babu ruwa babu inuwa, har igiyar ta ci masa ƙafa. Me zan iya yi ba tare da an ɓata zumunci ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Penal Code, ta haramta azabtar da dabbar gida da kuma yin sakaci da ita, amma a ganina kai ƙara shi ne mataki na ƙarshe, domin sau da yawa talauci da rashin sani ne ke jawo irin wannan. Ki sa maigidanki ko wani dattijo da maƙwabcin ke jin nauyinsa ya yi masa magana a keɓe, ya tuna masa da hadisin raƙumin da ya kai kuka wurin Manzon Allah (SAW) cewa mai shi yana barinsa da yunwa yana kuma wahalar da shi, ya kuma nuna masa cewa dokin da ƙafarsa ta lalace ba zai ƙara kawo masa ko sisi ba. Ko ƙungiyar Brooke mai kula da jin daɗin dawaki da jakuna, wadda ta faro a Alƙahira a 1934 da ceto tsofaffin dawakan yaƙin Ingila, wannan hanya ta koyar da masu dabbobi take bi a ƙasashe irin su Senegal da Habasha. Rumfar zana, da bokitin ruwa, da ragama mai laushi a maimakon dabaibayin igiyar roba ba za su ci kuɗi mai yawa ba, kuma idan kuka ba shi aron bokitin da kanku maganar za ta fi shiga. In ya ƙi ji, sai a kai wa mai unguwa, shi kuma ya haɗa shi da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma.