Gasar kwallon raga ta mata a Finland: yadda ake karanta sakamako

Malam, ka tambaya me ya sa kungiyar da ka bi a gasar kwallon raga ta mata ta Finland ta ci wasa amma ta samu maki biyu kacal, kuma ko akwai canjaras da za ka saka wa kudi.

Babu canjaras a kwallon raga. Wanda ya fara cin zagaye uku shi ya yi nasara. Zagaye yana karewa a maki 25, na biyar kuma a 15, da ratar maki biyu. A teburin gasar, wadda suke kira Mestaruusliiga, cin 3-0 ko 3-1 maki uku ne. Idan aka tashi 3-2, mai nasara ya dauki biyu, wanda aka doke ya tafi da daya. Taka ta ci ne da 3-2, shi ya sa ta samu biyu.

Kungiyar LP Viesti ta garin Salo ta dade tana rike da kambu, daga baya Pölkky Kuusamo ta taso. Amma jagorar tebur ba ita ce zakara ba tukuna, sai an buga wasannin sili-daya-kwale a karshen kakar wasa.

Cacar dai ni ba na yi, haramun ce. A can kamfanin gwamnati, Veikkaus, ne ya dade yana rike da ita.