In ka sauka Alƙahira, ga yadda ake yi

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa ba ne don tambayar taka ba ta amsar tsaye ba ce. Ka ce sati ɗaya za ka yi a Alƙahira, kana so ka san inda baƙo ke fara zuwa, da kuma kuɗin nan da ka ji wai sai an miƙa a kowace ƙofa, shin al'ada ce ko cin hanci.

To bari in fara da kuɗin tunda shi ya fi damunka. Bakshish suke ce masa, kuma al'adarsu ce, ba hanci ba ne. Wanda ya ajiye maka takalmi a bakin masallaci, wanda ya ɗauko makulli ya buɗe maka hasumiya, duk suna sa ran ɗan abu, kuma da yawansu da shi suke rufin asiri. Saboda haka ka nemi canji tun a filin jirgi, ƙananan fam, wato kuɗin Masar, ka ware su a aljihu ɗaya, kada ka zaro damin kuɗi gaban mutane. Amma wanda ya liƙe maka yana nuna maka abin da idonka ke gani, ka ce masa "la, shukran" ka wuce abinka, ba rashin kunya ka yi ba.

Maganar inda za ka fara kuwa, kowa dalar Giza, manyan gine-ginen nan na Fir'aunoni, yake rugawa ranar farko, ni ban yarda da haka ba. Ka bi garin yadda ya girma. Fusɗaɗ tukuna, tsohon garin da ya riga Alƙahira, yanzu yana cikinta, wurin masallacin Amru ɗan Asi, wanda ya ci Masar ya kafa Fusɗaɗ ɗin a 641, duk da dai ginin da za ka gani an sha sake shi. Daga nan sai masallacin Ibn Ɗulun da aka gama a 879, wallahi ni duk garin nan ne ya fi kwanta min, farfajiya ce makekiya shiru kamar ba a tsakiyar birni kake ba, hasumiyarsa kuma matakalar ta waje take tana nannaɗe da ita, kana hawa iska na kaɗa maka riga kana hango rufin gidaje. Lokacin da na je wani dattijo ne ya durƙusa ya ɗaura min wani ƙyalle a kan takalmina maimakon in cire, kunya ta kama ni, ashe aikinsa ke nan.

Sannan Azhar, wadda aka fara sallah a cikinta a 972, shekara uku bayan sarakunan daular Faɗimawa sun kafa birnin Alƙahira. Ka shiga da natsuwa, ɗalibai na karatu a jikin ginshiƙai, ban da ɗaukar mutum hoto ba izini, musamman mata. Tsallaken titi ga masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili, can ciniki ake yi sosai, kuɗin farko da aka faɗa maka buɗe baki ne kawai, kuma in an ba ka shayi ka sha, bai wajabta maka saye ba. Titin Mu'izz ka taka shi da ƙafa daga Babul Futuh har Bab Zuwaila, ƙofar da Turkawa suka rataye sarki Ɗuman Bay a 1517.

Ƙal'ar Salahuddin, wato fadar tsaro mai ganuwa da ya gina, da masallacin Sulɗan Hasan rana ɗaya ta ishe su, suna kusa da juna, shi Sulɗan Hasan kowace mazhaba cikin huɗun nan da makarantarta a ciki, ka tambaya a nuna maka ta Malikiyya.

Dalar Giza ka bar ta ƙarshe, ka fita da sassafe kafin rana ta buɗe. In za ka hau raƙumi ku yi ciniki har da na sauka, ni nan wani ya bar ni a ƙololuwar tozo ya ce kuɗin hawa muka yi, abin dariya abin haushi, sai da na ƙara masa ya durƙusar da raƙumin.

Ranar Juma'a kada ka tsara yawo kafin a sauko masallaci, in kuma jirgin ƙasan metro ka shiga ka duba da kyau, akwai taragon mata zalla. In Allah ya kai ka ƙubbar Imamu Shafi'i ka sa ni da gwaggonka a addu'a, ƙafarta ta matsa mata kwanan nan.