Kwalin kilo 8, kuɗin kilo 20

Alhaji, ka ce kwalin hulunanka kilo 8 ne a sikeli, amma ejan ɗinka na filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja ya caje ka kuɗin kilo 20. Ba cuta ba ce. Jirgi ba nauyi kaɗai yake sayarwa ba, har da wuri.

Ɗauko tef ɗin tela ka auna tsawo da faɗi da tsayin kwalin da santimita, daga inda ya fi kumbura. Ka ninka ukun, sai ka raba da 6000. A ce kwalinka 60 ne da 50 da 40: ya ba da 120,000, in ka raba ya zama kilo 20. Tsakanin wannan da abin da sikeli ya nuna, wanda ya fi yawa shi za ka biya. A wannan lissafin, kubik mita ɗaya (wato kwali mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi) daidai yake da kusan kilo 167.

To amma ka tambaya tukuna, don kamfanoni irin su DHL da 5000 suke rabawa, kwalin nan sai ya koma kilo 24.

Ni ma na taɓa ƙonewa. Na ɗauko kwali daga Agege, rabinsa iska ce da tsofaffin jaridu, na biya kuɗin iskar nan tsaf. Hula kuwa tana shiga cikin 'yar'uwarta. Jera su haka, ka yanke bakin kwalin ya sauko daga 40 zuwa 25, lissafin ya dawo kilo 12.5.