Wace Yalwa Ce a Yohanna 10:10?

Tambaya: Malam, Yesu ya ce ya zo domin mu sami rai, mu kuma same shi a yalwace. Ga ni kullum cikin bashi. Ashe ayar ba da ni take ba? — Wata mai karatu daga Kafanchan

Amsa: 'Yar'uwa, da ke take. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tsinke rabin ayar, a bar rabin farko da ke maganar ɓarawo mai zuwa don sata da kisa da hallakarwa, a mai da ita alkawarin kuɗi.

Ki faro daga sura 9, inda aka kori makahon da ya warke daga majami'a, ki karanta har 10:18 a zama ɗaya. Za ki ga zancen tumaki ne da makiyayi: ya san su, suna gane muryarsa, suna shiga da fita su sami wurin kiwo. Yalwar ke nan, hankali kwance a hannun mai kiwo. Bulus ma yana ɗaure ya rubuta Filibiyawa 4:11-12, ya ce ya koyi zama da ƙoshi da yunwa.

Kowace asuba ki ware minti 10, ki maimaita ayar a hankali, ki rubuta abu ɗaya da ke sace miki salama, ki kai shi cikin addu'a. Bashin kuwa, ki zauna da mai shi ku tsara biya.